Laftof Ta Daina Sauti Bayan An Ɗora Mata Windows 11: Yadda Ake Gano Matsalar Da Gyara Ta

Tun daga ranar 14 ga Oktoba, 2025, da kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa Windows 10, mutane da dama sun koma Windows 11. Wasu da kansu suka ɗora, wasu kuma a wajen masu gyara aka ɗora musu. Daga cikin koke-koken da kan biyo bayan wannan sauyi akwai na sauti. Laftof ta kunnu lafiya lau, intanet na aiki, hoton bidiyo na tafiya, amma shiru kake ji. Wani lokaci ƙaramar alama ce ke bayyana a jikin hoton lasifika da ke ƙasan allo, wani lokacin kuma babu wata alama, sautin ne kawai ba ya fita.

Ga ɗalibin da ke da darasi ta Zoom da safe, ko mai neman aikin da za a yi wa tambayoyi ta Google Meet, ko mai haɗa bidiyo yana samun na kashewa, wannan ba ƙaramar matsala ba ce. Abin da ya fi ciwo shi ne yadda wasu ke garzayawa a goge musu laftof ɗin baki ɗaya, su yi asarar hotuna da takardu, ko a canza musu sifikar da lafiyarta ƙalau. Idan har sauti yana fita kafin a sabunta Windows, ya ɗauke bayan an gama, to abin da ya kamata a fara zargi shi ne direba ko saiti. Sifika ita ce ta ƙarshe a jerin.

Mene ne direba, kuma me ya sa sabuntawa ke taɓa shi?

A cikin kowace laftof akwai wani ɗan ƙaramin guntu a jikin babban allonta wanda aikinsa shi ne juya bayanan kwamfuta su koma sauti. Yawancin laftof na amfani da na kamfanin Realtek ne, wasu tsofaffin HP da Lenovo kuma na Conexant, kamfanin da Synaptics ya saya a 2017. Windows ba ta iya magana da wannan guntu kai tsaye. Tana buƙatar wata ƙaramar manhaja da za ta tsaya a tsakani kamar tafinta, ta karɓi umarni daga Windows ta isar wa guntun da yaren da yake ji. Wannan manhaja ita ce direba.

Wanda ya saba da waya zai yi mamakin me ya sa ba a cika jin irin wannan matsala a Tecno ko Samsung ba. Dalili shi ne kamfanin da ya ƙera waya shi ke haɗa Android da direbobin wayar wuri guda, ya gwada, sannan ya turo sabuntawa. A laftof kuwa hannu uku ne a kan abu ɗaya: Microsoft ne ya yi Windows, Realtek ko wani kamfani ya yi guntun sauti, sannan HP ko Dell ko Lenovo ya haɗa laftof ɗin, ya daidaita direban da sifika da ramin iyafis na wannan samfurin. Da zarar ɗaya ya yi gaba ya bar sauran a baya, sai a samu saɓani.

Yayin sabuntawa, ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa kan faru:

- Windows ta ɗauko tsohon direban, amma bai dace da sabuwar manhajar ba.
- Windows ta ajiye tsohon, ta ɗora wani na gama-gari wanda bai san daidaiton wannan laftof ba.
- An goge komai an ɗora Windows daga filashi, ba a ɗora direban sauti ba sam.
- Direban lafiyarsa ƙalau, saiti ne ya canza, sauti ya koma fita ta wata hanyar.

Na ukun ya fi samun masu tsofaffin laftof na hannu. Windows 11 na buƙatar guntun tsaro na TPM 2.0, sannan a ɓangaren Intel Core, galibi daga ƙarni na 8 ta fara karɓa. Laftof irin su EliteBook 840 G3 masu ƙarni na 6 ba sa cikin jerin, don haka da dabara ake ɗora musu, kuma kamfanonin da suka ƙera su ba su fitar musu da direbobin Windows 11 ba.

Matsalar ba sabuwa ba ce

A watan Oktoba na 2018 an tura wani direban sauti na Intel bisa kuskure ta Windows Update zuwa kwamfutocin da bai dace da su ba, sauti ya ɗauke a cikinsu, har sai da Microsoft ya fitar da gyaran da ya cire shi. A 2020 kuma, Microsoft ya dakatar da tura Windows 10 sigar 2004 zuwa laftof masu wasu direbobin Conexant saboda saɓanin da aka gano.

A Windows 11 ma an samu irin haka. Direban Intel Smart Sound Technology mai lamba 10.29.0.5152 ko 10.30.0.5152 yana jawo shuɗin allo a kwamfutoci masu Intel Core ƙarni na 11, kuma maganinsa shi ne a sabunta zuwa 10.29.00.5714 ko 10.30.00.5714, ko wanda ya fi su sabunta. Da sigar 24H2 ta fito, wasu kwamfutoci masu manhajar gyaran sauti ta Dirac Audio sun rasa sauti, aka dakatar da tura musu sabuntawar har sai da sabon direba ya fito.

Darasin da ke nan shi ne, idan Windows Update ta ƙi kawo wa laftof sabuwar siga, wani lokaci da gangan ne, kariya ce. Wanda ya tsallake ta da filashi yana iya faɗawa cikin matsalar da ake kare shi daga gare ta.

Mataki na farko: gwaje-gwajen minti biyar

Kafin a taɓa direba, a fara da waɗannan, domin sau da yawa a nan ake gamawa.

1. A sake kunna laftof ta hanyar zaɓar Restart. Shut down ba ya wadatarwa, saboda Windows na da wani tsari mai suna Fast Startup da ke adana yanayin direbobi idan an kashe, ya dawo da su yadda suke idan an kunna. Restart ne ke loda komai sabo.

2. A duba maɓallin kashe sauti a jikin madannai. A wasu laftof na HP da Lenovo akwai ƙaramar fitila a jikinsa da ke kunnuwa idan an kashe sauti. Wani lokaci sai an haɗa da maɓallin Fn yake aiki.

3. A shiga Settings > System > Sound, a duba ƙarƙashin Output. Idan abin da aka zaɓa sunan talabijin ne, ko na allon da aka taɓa jonawa da kebul na HDMI, ko na wani abin sauraro na Bluetooth, to can sautin yake tafiya. Sai a zaɓi Speakers.

4. A wannan shafin dai, a buɗe Volume mixer. Kowace manhaja tana da nata ƙarfin sauti da nata mafita. Yana yiwuwa Chrome kaɗai aka kashe wa sauti, shi ya sa YouTube ya yi shiru alhali VLC na magana.

5. A danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta mmsys.cpl, a danna Enter. A cikin Playback, a danna ɓangaren dama na mawus a kan fili, a sa alama a Show Disabled Devices. Idan Speakers ta bayyana a dusashe, a danna ta da dama, a zaɓi Enable, sannan Set as Default Device.

Daga nan sai gwaji mafi amfani, wanda ke raba gardama. A jona iyafis mai waya a raminsa, sannan a gwada na Bluetooth. Ga yadda ake fassara sakamakon:

- Bluetooth na aiki, sifika da ramin iyafis ba sa yi: Windows kanta tana fitar da sauti, matsalar tana kan direban guntun ciki. Bluetooth da nasa direban daban yake aiki.
- Iyafis mai waya na aiki, sifika kaɗai ce shiru: guntun na aiki. Ko dai direban da aka ɗora bai san sifikar wannan samfurin ba, ko ramin iyafis ya maƙale, ko sifikar ce ta samu matsala.
- Babu wanda ke aiki, har da Bluetooth: a fara zargin hidimomin sauti na Windows, waɗanda bayaninsu ke tafe a ƙasa.

Windows tana kuma da nata mai bincike a Settings > System > Troubleshoot > Other troubleshooters > Audio. Ba kullum yake warware matsala ba, amma yakan gyara ƙananan saituna da kansa, kuma ba ya ɗaukar lokaci.

Mataki na biyu: karanta abin da Device Manager ke faɗa

A danna maɓallin Windows tare da X, a zaɓi Device Manager. Nan ne jerin duk sassan laftof da direbobinsu. Wurare huɗu ne suka shafi sauti: Sound, video and game controllers, da Audio inputs and outputs, da System devices, da kuma Other devices idan akwai shi.

A ƙarƙashin na farko, lafiyayyar laftof kan nuna suna kamar Realtek Audio ko Conexant ko Synaptics. Idan High Definition Audio Device kaɗai aka gani, to direban gama-gari na Microsoft ne ke kai. Idan Intel Display Audio ko wani mai sunan AMD ko NVIDIA kaɗai aka gani, wannan na sautin HDMI ne, ba shi ke kula da sifika ba. Idan kuwa a Other devices aka ga Multimedia Audio Controller da alamar ruwan ɗorawa a jikinsa, to Windows ta ga guntun amma ba ta da direbansa.

Mutane da yawa kan manta da System devices. A sababbin laftof masu Intel, a nan ake samun Intel Smart Sound Technology Audio Controller, kuma direban Realtek a kansa yake dogara. Idan wannan ya samu matsala, ko sau goma aka ɗora Realtek ba zai yi aiki ba.

Duk wanda ke da alamar gargaɗi, a danna shi sau biyu a karanta lambar da ke cikin Device status:

- Code 10: direban yana nan amma ya kasa tayar da na'urar. Galibi bai dace ba ne.
- Code 22: an kashe na'urar ne. A danna Enable device, shi ke nan.
- Code 28: ba a ɗora direba ba.
- Code 39: direban ya lalace, ko Windows ta kasa loda shi.
- Code 52: Windows ta kasa tabbatar da sa hannun direban, abin da kan faru da direbobin da aka ɗauko daga wuraren da ba su da tabbas.

Game da Code 39, akwai abin lura. Windows 11 na da wani tsaro mai suna Memory integrity a cikin Windows Security > Device security > Core isolation, wanda kan hana wasu tsofaffin direbobi loduwa. Mafita ita ce a nemo sabon direba. Kashe tsaron yana rage wa laftof kariya, don haka sai in babu wata hanya.

Mataki na uku: gyaran direba, daga mai sauƙi zuwa mai ɗan wuya

Ana bin su ɗaya bayan ɗaya, ana yin Restart da gwaji bayan kowanne. Wanda ya haɗa uku a lokaci guda ba zai san wanne ya yi aiki ba, ko wanne ya ƙara dagula lamarin.

*Mayar da tsohon direba.* A danna sunan na'urar sautin sau biyu, a shiga Driver, a duba Roll Back Driver. Idan yana dannuwa, Windows ta adana wanda ke aiki a da, kuma za ta dawo da shi. Wannan ya fi amfani idan sautin ya ɗauke ne bayan wata ƙaramar sabuntawa. Idan maɓallin a dusashe yake, babu tsohon da za a koma wa, sai a wuce gaba.

*Cirewa don Windows ta sake ɗorawa.* A danna na'urar da dama, a zaɓi Uninstall device. A karon farko kada a sa alama a akwatin Attempt to remove the driver for this device. A yi Restart kawai, Windows za ta sake ɗora wannan direban daga farko. Idan hakan bai yi ba, a maimaita tare da sa alamar, amma a tabbata akwai intanet ko an riga an sauke wani direban an ajiye.

*Duba sabuntawar zaɓi.* A shiga Settings > Windows Update > Advanced options > Optional updates > Driver updates. Direbobin Realtek da Intel kan zauna a nan ba tare da sun ɗoru da kansu ba. Masu jona laftof da data ta waya su lura da wani abu: idan an saita haɗin a matsayin Metered connection don tattalin data, Windows na jinkirta sauke direbobi. Ana iya kashe wannan saitin na ɗan lokaci a Network & internet, a mayar da shi bayan an gama.

*Ɗauko direba daga kamfanin da ya ƙera laftof.* Wannan ita ce hanya mafi inganci. Da farko a san ainihin samfurin: a danna Windows da R, a rubuta msinfo32, a duba System Model. Faɗin “HP EliteBook” kawai bai isa ba, domin 840 G3 daban, 840 G5 daban, kuma direbobinsu ba ɗaya ba ne. A Dell akwai Service Tag mai haruffa da lambobi 7 a ƙasan laftof, a HP da Lenovo kuma akwai lambar siriyal. Da wannan lamba ake shiga sashen tallafi na shafin kamfanin, a zaɓi Audio, a sauke. Manhajojin HP Support Assistant, da Dell SupportAssist, da Lenovo Vantage, da MyASUS suna yin wannan aikin da kansu.

Direban sauti kan kai ɗaruruwan megabait. Mai ƙaramar data zai iya sauke shi a waya lokacin da yake da garaɓasar dare, sannan ya tura wa laftof ta kebul. Idan shafin ya nuna direban chipset da na Intel Smart Sound daban, a fara ɗora su kafin na Realtek.

Idan kamfanin bai fitar wa samfurin da direban Windows 11 ba, a zaɓi na Windows 10 mai 64-bit. Tsarin direbobin manhajojin biyu kusan ɗaya ne, shi ya sa sau da yawa yake aiki. Idan fayil ɗin ya ƙi ɗoruwa da kansa, a warware shi cikin wata jaka, a koma Device Manager, a zaɓi Update driver > Browse my computer for drivers, a nuna masa jakar.

*Gano guntun da ba shi da suna.* Idan takardar ƙasan laftof ta goge, ko an taɓa canza mata babban allo, a danna na'urar sau biyu, a shiga Details, a zaɓi Hardware Ids. Haruffan da ke bayan VEN su ke nuna kamfanin: 10EC na Realtek ne, 14F1 na Conexant, 111D na IDT, 8086 kuma na Intel.

*Direban gama-gari na wucin gadi.* Wanda lokacin darasi ko ganawa ya matse shi zai iya bin Update driver > Browse my computer for drivers > Let me pick from a list, ya zaɓi High Definition Audio Device. A tsofaffin laftof wannan kan dawo da sauti nan take, ko da yake ƙarfinsa kan ragu. A sababbi masu Intel Smart Sound kuwa ba lallai ya bayyana a jerin ba, ko kuma makirufo ya ƙi aiki da shi.

Gargaɗi a kan manhajojin da ke tallata cewa za su sabunta duk direbobi da dannawa ɗaya: sukan ɗora direban da lambarsa ta fi girma ba tare da duba ko na wannan samfurin ba ne, wasu kuma sukan shigo da tallace-tallace da manhajojin da ba a nema ba. Shafin kamfani da Windows Update sun wadatar.

Idan sauti na fita amma da matsala

*Ƙara, yankewa ko raguwar ƙarfi.* A shiga Settings > System > Sound, a danna Speakers, a mayar da Audio enhancements zuwa Off, haka ma Spatial sound. Waɗannan ƙarin gyare-gyare ne da ke hawa kan direba, kuma su ne kan fara samun saɓani bayan sabuntawa. A wannan shafin akwai Format. A gwada 16 bit, 44100 Hz, ko 24 bit, 48000 Hz, a danna Test.

*An jona iyafis amma sauti na fita ta sifika.* Direbobin zamani a rabe suke zuwa, direban daban, manhajar saitinsa daban. A laftof da yawa Realtek Audio Console ce, a Dell da yawa kuma Waves MaxxAudio Pro. Ita ce ke fito da tambayar nan ta me aka jona a ramin. Idan an goge laftof an ɗora sabuwar Windows, manhajar kan ɓace. Yawanci takan sauko da kanta daga Microsoft Store bayan an ɗora direban kamfani, matuƙar akwai intanet.

*Ana jin mutane amma su ba sa ji.* Kafin a zargi direba, a shiga Settings > Privacy & security > Microphone. A kunna Microphone access, da izinin manhajoji, da na ƙasa mai cewa Let desktop apps access your microphone. Daidai yake da izinin makirufo da WhatsApp ke nema a waya. Bayan haka a duba cikin saitin Zoom ko Meet ko makirufon da ya dace aka zaɓa.

Hidimomin sauti da fayilolin Windows

Idan har Bluetooth ma ba ya fitar da sauti, a danna Windows da R, a rubuta services.msc. A nemo Windows Audio da Windows Audio Endpoint Builder. Dukansu biyu ya kamata su nuna Running, kuma Startup Type ɗinsu ya zama Automatic. A danna kowanne da dama a zaɓi Restart, ko Start idan a tsaye yake.

Idan wuta ta ɗauke ko batir ya mutu ana tsakiyar sabuntawa, wasu fayilolin Windows kan lalace. A buɗe Command Prompt ta hanyar Run as administrator, a rubuta wannan:

DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth

Bayan ya gama, sai wannan:

sfc /scannow

Na farko yana buƙatar intanet, kuma yakan yi kamar ya tsaya a wani kaso na ɗan lokaci. A bar shi ya kammala, a yi Restart.

Kwana 10 na komawa baya

Wanda ya sabunta daga cikin tsohuwar Windows, ba tare da goge laftof ba, yana da kwana 10 da zai iya komawa inda ya fito. Hanyar ita ce Settings > System > Recovery > Go back. Wannan ya dogara ne da wata jaka mai suna Windows.old. Mutane kan ga ta cinye wuri su goge ta, ba su san ita ce hanyar komawa ba. Kada a taɓa ta sai an tabbatar sauti, makirufo, kyamara da Wi-Fi duk suna aiki.

Sai dai komawa Windows 10 mafita ce ta ɗan lokaci, tunda tallafinta na yau da kullum ya ƙare. Amfaninta shi ne ta ba mutum damar gama aikin da ke gabansa, ya nemo direban da ya dace, sannan ya sake gwadawa.

Yaushe za a je wajen mai gyara?

Akwai hanyar gwada sifika ba tare da Windows ba. A laftof na HP, idan aka danna Esc yayin kunnawa sannan F2, akan shiga manhajar binciken sassan na'ura, inda samfura da yawa ke da gwajin sauti. A Dell kuma F12 ake dannawa a zaɓi Diagnostics. Idan sifika ta yi ƙara a nan, lafiyarta ƙalau, kada a yarda a canza ta.

A cikin BIOS na wasu laftof, musamman na ofis irin su Latitude da EliteBook da ThinkPad, akwai wurin kashe sauti ko sifikar ciki baki ɗaya. Yana da kyau a leƙa a tabbatar a kunne yake. Game da sabunta BIOS kuwa, kada a fara sai batir ya cika kuma caja na jone, sannan a adana lambar buɗe BitLocker idan laftof ɗin na amfani da shi, domin tana iya neman ta bayan an gama.

Alamomin da ke nuna matsalar ta ƙarfe ce sun haɗa da sifikar da ke karkarwa ko da wane direba aka ɗora, ko ɓangare ɗaya kaɗai ke magana, ko ramin iyafis da ke sakin sauti idan an motsa shi, ko laftof ɗin da ruwa ya taɓa shiga. A nan ne mai gyara ke da aiki. Kafin a miƙa masa, a kwafe muhimman fayiloli, a kuma faɗa masa matakan da aka riga aka bi. Idan kuma guntun sautin ne ya mutu, ɗan ƙaramin adaftan sauti na USB yana maye gurbinsa ga mai amfani da iyafis, kuma Windows na gane shi da kanta.

Kafin sabuntawa ta gaba

Umarni ɗaya yana iya kare mutum daga duk wannan wahala. Yayin da komai ke aiki daidai, a jona filashi, a buɗe jaka a cikinsa mai suna Direbobi, a buɗe Command Prompt ta Run as administrator, a rubuta:

pnputil /export-driver * E:\Direbobi

Harafin E a canza shi da wanda filashin ya ɗauka. Wannan zai kwafe direbobin da aka ɗora wa laftof ɗin zuwa cikin jakar. Duk ranar da aka sake Windows sauti ya ɗauke, sai a nuna wa Device Manager jakar ta hanyar Browse my computer for drivers. Ba a buƙatar data ko kaɗan.

Sauran su ne: a rubuta sunan direban sauti da lambarsa, ko a ɗauki hotonsa da waya, a sabunta direbobi daga shafin kamfani tun kafin a sabunta Windows, kada a fara sabuntawa a daren da gobe akwai jarrabawa ko ganawa, sannan wanda ya kai laftof a ɗora masa Windows, ya kunna bidiyo, ya jona iyafis, ya gwada makirufo a gaban mai gyaran tun kafin ya biya kuɗi ya bar shagon.